Tsaka Goma Sha Ɗaya a Gindin Tsamiya

Talata, 23 ga Afrilu, da hantsi

Leotha, sauke tukunyar nan ki zo ki saurare ni. Yanzu. Waken ba zai gudu ba. Ɗauko ragowar littafin asibitin da kika yi ritaya da shi, ki zauna kusa da ni, ki rubuta abin da zan faɗa yadda na faɗe shi. Kar ki gyara min magana. Ni Ismay ban shiga aji ba, amma na san abin da ke bakina. Tura ƙofar. Tunda kullum kina yi min baki cewa hawan jini zai kayar da ni a hanya, gara a samu wani abu a rubuce.

Jiya da yamma 'yata Junette ta sauko daga tudu tana dariya tun daga bakin hanya. Kin san aikinta, ita da maza biyu: gadin dajin da ke saman Chatham, da ƙirga 'yan tsakan nan da aka ce duk duniya babu irinsu sai a tsibirinmu. Abu bai kai gaɓa biyu na yatsana ba, amma har ɓarayi ke zuwa ta teku su sace su a kwalba. Mace mai shekara arba'in da shida tana rarrafe tana leƙen ƙarƙashin duwatsu. To.

Ta ce, "Mami, yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Goma sha ɗaya a wuri guda. Da, in na samu biyu sai in yi rawa."

Babanta Garnet yana baranda a kujerarsa. Idon ya tafi, amma kunnen nan ba abin da ke wuce shi. Ya ce, "Goma sha ɗaya? Kawo a soya mana, na gaji da busasshen kifi."

Na ce, a ina?

Ta ce, "Gindin tsohuwar tsamiyar da ke sama da ramukan gawayinki na da. Akwai wani faffaɗan dutse, da ƙanana kewaye da shi. Ƙananan na ɗaga, na ƙirga, na mayar da kowanne yadda na same shi. Babban sai mutum uku. Kuma Mami, ƙasar wurin da danshi. Wata huɗu ba ɗigon ruwan sama, amma na sa yatsa ya fito a jiƙe."

Muciya ta suɓuce min cikin tuwon masara. Na ce tururi ne ya ƙona ni.

Rubuta wannan da manyan baƙaƙe: kada a ɗaga babban dutsen nan. Kar ki tambaye ni dalili. Daina kallona ta saman tabarau, ni ba majinyaciyarki ba ce. Kada a ɗaga shi. Shi ke nan na yau. Littafin ya zauna a gidanki, a ƙarƙashin zannuwan gado.

Laraba, 24 ga Afrilu, tsakar rana

Babu hadari ko kaɗan. Ruwan tankinmu ya sauka zuwa matakala ta uku.

Juma'a, 26 ga Afrilu, bayan tsakar rana

Na hau. Kin san ranar Juma'a nake zuwa tsintar tsamiya.

Ina fita Garnet ya ce, "Tsamiyar nan taki mai albarka ce, Is. Shekara hamsin kina tsinta, ko da damina, ba ta ƙare ba. Wai saurayi kika ajiye a can?"

Na ce, "E, kuma shi haƙoransa duk suna nan."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Jakarki na ƙara." Na ce ruwan da zan sha a hanya ne. Kwalba biyu. Daga rabona nake ɗiba, Leotha, rubuta hakan. Ban taɓa taɓa na shansa ko na wankansa ba.

Hawan ya fi min na da wuya. Sau bakwai na huta. Awakin da aka saki saboda rani sun cinye komai har ɓawon itace, haƙarƙarinsu a waje, suna bin ni da ido kamar sun san abin da ke jakar.

Junette ta ɗaura jan ƙyalle a jikin tsamiyar. Ƙananan duwatsun kuwa ta mayar da su daidai, na yaba mata. Ɗaya ne kawai ta juya bakinsa wajen teku, na gyara. Ta yaya na san yadda yake da? Na sani dai.

'Yan tsakan kuma suna nan. Ke ba ki taɓa ganinsu ba, ke da ba ki hawa ko kujera. In kika zauna shiru sai su fito ɗaya bayan ɗaya. A gadon bayansu akwai ɗigo-ɗigo, fari a tsakiya, baƙi ya kewaye shi, ja ya kewaye baƙin. Kamar idanu. Farkon ganina da su na tsorata, na ce ko an turo su ne su zuba min ido. Daga baya na saba. Har na ji daɗi da wurin ba ya zama babu kowa in na sauko. Ban san zama suka yi saboda sanyin ƙasar ba. Ban san wata rana za a zo ana ƙirga su ba.

Babban dutsen bai motsa ba. Ba zai motsa da sauƙi ba, da sanda aka turo shi daga sama.

Goge wannan na ƙarshen.

Ba ki goge ba, na ga hannunki.

Litinin, 29 ga Afrilu, da safe

Bakin Junette ya ja mana. A layin motar ruwa ta ba da labarin danshin, don ta burge mutane da tsakarta. Jiya bayan coci sai ga Cleophas mai awaki a ƙofarmu, hula a hannu.

"Pa Garnet, ina wuni. Tanti Ismay, ya ƙafa?" Bai jira amsa ba ya juya ga Junette. "Gaskiya ne ƙasa a jiƙe take a can sama?"

Ta ce, "Ɗan danshi ne."

Ya ce, "Kakana ya sha faɗa mana akwai idon ruwa a tudun nan tun zamanin bayi, masu gona suka toshe shi da dutse don kar bayi su gudu su ɓuya a can. Mun ɗauka tatsuniya ce."

Garnet ya ce, "Kakanka ya kuma ce ya taɓa kokawa da kifin shak ya kayar da shi."

Cleophas bai yi dariya ba. Ya ce awakinsa shida sun mutu a watan nan. Ya ce matarsa mai ciwon baya ita ke tsayuwa a layin ruwa tun fitowar rana, jarka biyu ake ba su, su bakwai. Ya ce, "Shebur uku da ƙarfen haƙa ɗaya. Rabin wuni. Mu ɗaga dutsen mu gani kawai."

Junette ta miƙe. "Doka ta hana a taɓa ko tsinke a dajin nan. Ka ɗaga dutsen, ka kashe su duka."

"Ƙadangaru," in ji shi. "Ke da kika sha nonon garin nan, ƙadangaru kika zaɓa."

"Ba ƙadangaru ba ne, Cleo, kuma tun muna aji uku ba ka iya bambance komai ba."

Ni ina tsaye da tiren kofuna. Na ajiye shi. Cleophas ba mugu ba ne, Leotha. Ni na yi masa wankan farko. Da ruwa ne a wurin, da ni zan fara ba shi shebur.

Babu ruwa a wurin. Rubuta. Babu ido, babu rijiya, babu komai.

Laraba, 1 ga Mayu, da hantsi

Nas Leotha ta tafi garin Clifton, ta ce ke za ki auna ni ki rubuta a bayan kalanda, ta liƙa a littafinta. To rubuta, Junette. Na ci kifi da rogo. Na sha magani. Barci lafiya lau. Ƙafa da sauƙi.

Ba abin da ke damuna. Zafi ne kawai.

Wai su 'yan tsakan naki, in wuri ya bushe, tashi suke yi su koma wani wajen? Kwana nawa ƙasa ke yi kafin ta bushe ƙarƙashin dutse? Tambaya ce kawai. Mutum ba zai yi tambaya a gidansa ba? Wannan ba na rubutawa ba ne, ke ma kin cika rubuce-rubuce kamar ta.

Juma'a, 3 ga Mayu, da yamma

Ban hau ba.

Na yi tunani. In ƙasar ta bushe, Cleophas zai je ya taɓa ya ji ƙura, ya dawo ya zagi kakansa, magana ta mutu. Mako biyu, ko uku. Bayan nan in koma.

Tun da na fara, sau uku kawai na fasa: Juma'ar da na haifi Junette, da wadda guguwa ta ɗauke mana rufi, da ta jana'izar Mamata. Yau ta huɗu, kuma yau ƙafata lafiya.

Na zauna ina ɓare wake tun safe. Duk inda na juya, tudun na bayana. Da rana ta take na ɗebi ruwa a kofi, na kai baki, na kasa haɗiyewa. Na mayar a tulu.

E, ni ke zubawa. Kin riga kin gane, kar ki yi min fuskar coci. Kwalba biyu, kowace Juma'a, a kewayen dutsen, a hankali don ya shiga. Shekara hamsin da ɗaya. Kakanninmu ma ai suna jiƙa ƙasa kafin su ci, kafin su yi rawa, ba wanda ya ce musu mahaukata. Su da giyar rake suke yi. Ni da ruwa zalla, don giya ba ta dace ba.

Ba ta dace ba, na ce. Rufe littafin.

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan coci

Na je coci. Na yi waƙa da baki kawai.

Laraba, 8 ga Mayu, da la'asar

Dabarar ta ci. Ya kamata in yi murna.

Junette ta dawo jiya ba ta gaishe da kowa ba. Ta buɗe tafin hannunta a kan tebur. Tsaka ɗaya ce, ta bushe kamar ganyen shayi, ɗigon bayanta duk sun dushe. Ta ce, "Huɗu suka rage, Mami. Ƙasar ta fara tsagewa. Ban gane ba. Me ya canja?"

Na ce rani ne.

Ta ce, "Ranin ai yana nan tun Janairu."

Ta naɗe abin a takarda kamar gawar mutum. Na kasa kallo. Ƙanƙanta ne, Leotha. Ƙaramin abu ba ya jure ƙishi. Babba zai kai kwana biyu, uku. Ƙarami kuwa, kafin ki je ki dawo.

Cleophas ya hau ranar Litinin, ya sauko shiru. An ce ya mayar da ƙarfen haƙan da ya aro.

Da Junette ta shiga wanka, Garnet ya ce, "Ranar Juma'a ban ji kwalabe ba."

Na ce, "Tsamiya ta ƙare."

Ya ce, "Ashe tana ƙarewa." Ya juya fuska wajen teku kamar mai gani. Mutumin nan in ya yi shiru ya fi ba ni tsoro.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan tsakar rana

Kar ki yi min faɗa. Ba ni kujera tukuna. Ki bar abin awon nan, na san ya hau.

Na je. Ba kwalba biyu ba, jarka na ɗauka, a ka, kamar ina 'yar shekara ashirin. Na faɗi sau ɗaya, ga gwiwar. Na zuba na makon jiya, na zuba na yau, na zuba sauran ina ba da haƙuri. Ƙasar tana sha tana ƙara. Kin taɓa jin ƙasa na sha? Tana yi kamar jariri a nono.

Na san abin da na yi. Tun ina saukowa na sani. Amma na kasa, Leotha. Sau ɗaya na taɓa cewa bari in je in dawo.

Rubuta, tunda na fara. Shekarar ma rani aka yi irin wannan, ke kina makarantar nas a babban tsibiri. Garnet yana jirgin dakon kaya, kamar duk mazan garinmu Ashton a lokacin. Wata goma sha tara ya yi bai taka ƙasar nan ba. Goma sha tara. Ke kika yi karatu, ki yi lissafin da kanki.

Na ce wa uwar mijina itacen sama ya fi yin gawayi mai kyau. Na kafa bukka a can tun Fabrairu, ina ɗaura buhu a gaba saboda baƙin gawayi. Ba wanda ke kallon mai gawayi sau biyu. Na kan sauko in sayar in koma.

A Mayu naƙuda ta zo. Ni kaɗai. Na yanke abin da ake yankewa da addar itace, na ƙona bakinta a wuta tukuna, na san wannan. Kwana biyu babu abin da ya zo min a ƙirji, don ni kaina ban sha ba. Tulu ya ƙafe. Na ce bari in sauka da gudu in ɗebo. Na rufe da ganye saboda rana. Layi ya yi tsawo a tankin coci. Wata mata ta riƙe ni tana ba ni labarin bikin 'yarta, ni kuma na tsaya ina cewa madalla, don kar ta ga ina sauri ta tambaya.

Na tsaya ina mata murmushi.

Ya isa. Ba ni ruwa. A'a, bar shi.

Asabar, 11 ga Mayu, tsakar rana

Cleophas ya hau da safe neman akuyarsa da ta ɓata. Ya sauko da laka a cikin hularsa, yana nuna wa kowa daga gaban shagon Sinawa har bakin teku wajen masunta.

Litinin, 13 ga Mayu, da hantsi

Duk Ashton ta ɗauka. Wai idon ruwan yana bin wata ne, ya ja baya in wata ya ragu, ya dawo in ya cika. Har wani malamin makaranta ya ce akwai irinsa a littafi. Jiya a coci an yi godiya. An tsayar da rana: Juma'a a yi bikin Marun, a dafa wa magabata, a buga babbar ganga a roƙi ruwa kamar kowace shekara, Asabar da safe maza su hau da shebur. Sun ce magabata ne suka amsa tun kafin a roƙa.

Junette ta buga waya ofishinsu na babban tsibiri. Sun ce za su turo mutum da takardar hana haƙa a jirgin Talatar makon gobe. Talata. Ta ajiye wayar ta zauna a ƙasa.

Kin ce in je in faɗa wa Cleophas, na je. Na same shi yana wasa bakin ƙarfe a bayan gida. Na ce, "Cleo, ɗana, babu ido a wurin nan. Ni ke zuba ruwan."

Ya ɗago. "Ke, Tanti?"

"Ni. Kowace Juma'a."

"Ki hau tudun Chatham da ruwa a ka, a ranin nan, da ƙafar nan taki, ki zuba wa dutse?"

"E."

"Dutsen tsiro yake yi?"

Matarsa ta leƙo ta taga tana dariya. Shi ma ya yi, amma ba ta wulaƙanci ba. Ya ce, "To don me?"

Na buɗe baki. Leotha, na rantse na buɗe. Sai na ga jikokinsa a bakin ƙofa, da maƙwabciya tana shanya. Na ce, "Saboda 'yan tsakan."

Ya ajiye ƙarfen, ya riƙe hannuna biyu. "Tanti, ki gaya wa Junette ta ji kunya. Ta rasa wanda za ta aiko ya yi mata ƙarya sai tsohuwa mai furfura? Je ki huta. Kofin farko da ya fito naki ne, na yi alkawari."

Har bakin hanya ya rako ni.

Talata, 14 ga Mayu, da yamma

Junette ta ce tunda ba za ta iya tare maza talatin ba, za ta riga su. Ranar Juma'a da sassafe, kowa na wajen girkin Marun, ita da abokan aikinta biyu za su ɗaga babban dutsen da kansu, su kwashe duk mai rai da ƙwansu da ƙasar da ke ƙasa, su mayar wani wuri. Ta ce har ƙasar za su ɗiba, zurfin hannu, don ƙwai.

Zurfin hannu.

Na ce kar ta yi. Ta ce, "Mami, kwana ashirin kina cewa kar a yi, kar a yi. Faɗa min abu ɗaya da zan riƙe." Na ce ƙafata na ciwo, na shiga ɗaki.

Da hannunta, Leotha. 'Yata, da hannunta.

Laraba, 15 ga Mayu, da safe

Akwai abin da ban faɗa miki ba, kuma shi ne ya hana ni cin abinci.

Ba a ƙasa tsirara na sa ba. Ni ba dabba ba ce. Akwai wani akwatin ƙarfe da Garnet ya bari a gida kafin tafiyar, na kayan askinsa da takardu, tsawon hannu. Da shi na hau, ina ajiye ashana da gishiri. Na shimfiɗa ɗankwalina na coci a ciki. Ya shiga daidai.

A murfin akwai ɗan farantin tagulla da zane-zane. Na ɗauka ado ne. Na ce ma gara, abu mai kyau ne, ba gwangwani ba.

Da ya dawo ya nemi akwatinsa, na ce guguwa, ko ɓarawo, na manta wanda na ce. Sai bayan shekara da shekaru, ranar da Junette ta dawo daga aji ɗaya tana koyon rubutu, ta rubuta sunan babanta a allo ta kawo min in gani. Na kalli allon. Zanen nan ne. Ƙugiyar farko, da mai kama da tsani, duka. Ashe sunansa ne a farantin.

Ƙarfe na ruɓewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tagulla fa? Ke kika sani. Faɗa min gaskiya.

To. Na gode da ba ki yi min ƙarya ba.

Ke nan duk wanda ya ɗaga, ko ita ko su, abin da zai fara karantawa sunan Garnet ne. Mutumin da yake tsakiyar teku a lokacin. Makaho mai shekara tamanin da ɗaya, yana zaune a barandarsa, a zo a tsaya masa a ka da tambaya. Wa zai tsaya lissafin watanni bayan shekara hamsin? Za su ce nasa ne, ya sani, ya rufe. Ko su yi lissafin, su gane ba nasa ba ne, su ce shi ya sa.

Ba zan faɗi sunan ɗayan ba. Ya zo gyaran kwalekwale daga tsibirin Carriacou, ya koma, ya mutu tuni. Bai taɓa sani ba. Babu ruwan littafinki da shi.

Laraba, da la'asar

Na ji ana gwada gangar. Fatar ta bushe, sautin ba daɗi.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan tsakar rana

Mata na ta dakan masara a filin Marun. Junette ta tafi aro ƙarfe da akwatunan da za ta zuba su. Ta ce sai faɗuwar rana za ta dawo.

Na yi tunanin in hau yau in tone da kaina. Na ɗauki adda har bakin ƙofa. Dutsen da na turo ina da shekara ashirin da huɗu, yau ko tulu ba na iya ɗagawa. Na mayar da addar.

Namiji ne. Rubuta. Yana da gashi da yawa, da ɗan lanƙwasa a kunnen hagu. Ya yi kwana biyu da rabi. Na yi masa baftisma da yawuna, don shi kaɗai ne ruwan da nake da shi. Na sa masa Amos. Ban taɓa faɗin sunan da ƙarfi ba sai yanzu. Sake karanta min shi in ji.

Haka ne. Amos.

Ban san ko Fada na cocinmu zai ce baftismar ta karɓu ba. Ban san ko 'yan sanda na kama tsohuwa a kan abin da ya wuce shekara hamsin ba. Kin ce ba laifina ba ne, nono ne bai zo ba. Ke ba ki ga murmushin da na tsaya ina yi a layi ba. Bar wannan.

Abin da na sani, in na faɗa da bakina, dutsen zai zauna. Cleophas ba zai sa shebur a kabari ba, na san tarbiyyarsa. Zai tsane ni saboda awakinsa da bayan matarsa, da ruwan da na sa gari ya yi mafarkinsa, kuma yana da gaskiya. Junette za ta ajiye ƙarfenta. Za ta san tana da wa. Za ta kuma san wace ce uwarta. 'Yan tsakanta su zauna inda suke, in akwai mai hawa da kwalba bayan ni.

Amma akwai tsari, kuma kar ki saɓa min shi don kina ganin kin fi ni ilimi. Ba Fada ba. Ba Cleophas ba, shi gobe da safe kafin a ɗora tukunya. Ba Junette ba ma, ko da ta shigo ta same mu ta tambaya, ki ce ta jira a waje.

Jiya ina ba shi shayi ya riƙe min wuyan hannu ya ce, "Is, kin rame. Me ke cin ki?" Na ce zafi. Ya ce, "Shekara hamsin da huɗu kina ce min zafi." Bai sake ni da wuri ba. Ban san abin da ya sani ba. Wataƙila babu. Wataƙila tun ranar akwatin. Ko wanne ne, ba zai ji shi daga bakin gari ba, kuma ba daga littafi ba. Ke dai ki zauna a matakala da shi a cinyarki. In na tsaya, ki karanta min layin da na tsaya, in ci gaba. In ya ce in fita masa daga gida, ki ba ni tabarma a ɗakin girkinki.

Miƙo min sandata. Gyara min ɗankwalin, ko da yake ba gani zai yi ba.

Rubuta na ƙarshe mu tafi, tun rana na sama. Wanda za a fara gaya wa mijina ne, Garnet.